Kwanar Rumfar Ɗayyabu

Malam Lado mutumin Gwiwa bai gaya wa ɗansa Ukasha gaskiyar tafiyar ba. Cewa kawai ya yi, "Tayar da babur ka kai ni Kazaure." Alhali ya riga ya gama magana da mai gidan mari, inda ake ɗaure masu shaye-shaye. Dangi duk bakinsu ya zo ɗaya: ƙwaya ta cinye wa yaron ƙwaƙwalwa, sai dai ƙarfe a ƙafa.

Yaro fa na ce, amma magidanci ne, ɗan acaɓa mai mata, Zaituna, da 'ya ɗaya. Abokan sana'a ne suka koya masa, wai ka haɗiyi ɗaya gajiya ta kama gabanta. To, ta kama gabanta kuwa, har da mutuncinsa ta tafi. Ya sha rantsuwa ya daina, ya sha komawa.

Suka kama hanya. Malam Lado na baya yana kallon ƙeyar ɗansa. Wallahi yana son yaron nan.

Da suka shigo gari, wajen wata kwana, sai babur ya karkata hagu ya tsaya cak a gaban wata rumfar kwano. Ɗayyabu mai sayar da ƙwayar har ya miƙe, da ya hango tsoho a baya ya koma ya zauna kamar bai san kowa ba.

Ukasha ya tsura wa hannunsa ido. Ya ce, "Baba, na rantse da Allah ban yi niyya ba. Ko tunaninta ban yi ba yau. Kullum na iso kwanar nan, hannun ne ke juyawa."

Ran Malam Lado ya ɓaci. A gabansa? Ya ɗaga hannu, shi kansa ya zaci mari zai kai. Ina! Hannun nan sai ya wuce can cikin naɗin hularsa yana lalube. Me yake nema? Ƙullin tabar gari, wadda ya rabu da ita tun kafin a yaye Ukasha. Ashe har yau in ransa ya ɓaci, yatsunsa nan suke nufa.

Ya sauke hannun a hankali, kunya ta rufe shi. Shi wa ya ɗaure shi ya daina? Babu. Majalisar gindin tsamiya ya ƙaurace wa, inda ake miƙa wa juna taba bayan la'asar, ya koma tufkar igiya a zaure don hannunsa ya sami abin yi. Ya sha wuya, ya koma sau da dama, a ƙarshe jiki ya saba da wani abu daban.

"Ukasha, gidan mari zan kai ka yau."

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba. Zaituna ta gaya mini tana kuka."

"Ka sani, kuma ka tuƙo ni?"

"To ai kai ka ce in kawo ka."

Tsoho ya juyar da fuska ya goge ido da bakin rigarsa. Can ya ce, "Juya mu koma gida. Daga gobe babur ya huta, gona za ka bi ni, la'asar ma a gefena za ta riƙa samunka. In ya so mu leƙa asibiti tare. Kuma kada ka sake bi ta nan, zaga ta bayan kasuwa."

"Hanyar da nisa, Baba."

Malam Lado ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na san ta, ɗana. Na bi ta."