Sunan da Ke Bayan Kaset

Shekara guda Yolima ta yi tana kashe maƙogwaronta a wani gareji a birnin Medellín, tana gurnanin da ƙungiyarsu ta kiɗan death metal, wato kiɗan jita mai ƙara da tsawa, ke taƙama da shi. Da kaset ɗinsu na farko ya fito, sai ta ga sunan Duván mai jita a gurbin mawaƙi.

"Haba 'yar'uwa," in ji Duván, "wa zai saurare mu in aka ji mace ce?"

Ta cusa masa makirufo a hannu. "To gwani, yi mu ji."

Ya wage baki, sai wata murya kamar kukan ɗan akuya ta fito. Kowa ya fashe da dariya, ban da Yolima. Ta ɗauki biro ta bi kaset hamsin ɗin, tana soke sunansa tana rubuta nata.