Takarda a Ɗaki na Biyu

"Baba, me ka taɓa?" Mai shagon buga takardu ta dafe ƙirji. Allon kwamfutarta baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi yana ƙyafta ido.

"Shara kawai na yi," in ji mahaifinta, tsohon mai raba wasiƙu. Tun da ya bar aiki, a shagon yake wuni, yana ƙura wa na'urori ido kamar mai kallon tsuntsaye. Jiya ya gano an raba cikin kwamfutar ɗaki uku, na farko wayam, sai ya rushe shi.

"Tambayoyin jarrabawar makaranta guda suna ciki, ƙarfe sha biyu za a zo karɓa! In suka salwanta, wallahi daga yau a gida za ka zauna."

Ta fita a guje neman mai gyara. Shi kuwa ya kira 'yar ƙanensa, injiniya, a waya, ya same ta a cikin bas.

"Baffa sarkin ɓarna!" Ta yi dariya. "Ba abin da ya ɓata. Akwai ɗan aike da ke fara farkawa in an kunna kwamfuta, ya je ya ɗauko takardar da ke gaya masa yadda zai tashe ta. Shi ya san tana ɗaki na uku. Da ka rushe ɗaya, na uku ya koma na biyu."

Tsohon ya miƙe zumbur, kujera ta faɗi.

"An sake lambar gidaje ba a gaya wa masinja ba! Allah sarki, yana can tsaye a ƙofar da babu! Ke, yaya ake sallama a nan?"

Ta riƙa karanto masa baƙaƙe, kwandasta na ihu a bayanta, shi yana danna su da yatsa ɗaya. Ɗaki na farko, ba a nan ba. Na biyu, sai ga sunaye sun zubo reras.

"Tana nan! Ga ta nan!"

"To rubuta masa sabon adireshi. Ban da tazara, Baffa."

Ya kwafa a bayan ambulan, ya rubuta, ya danna. Allo ya yi duhu. Sai haske ya bayyana. Ya daki tebur har ƙusoshin maƙala takarda suka watse.

"Saura ɗaya," in ji injiniyar. "In aka kashe ta zai manta, kullum sai an sake nuna masa. Bari in ba ka layin da zai riƙe har abada."

Ta ƙofar gilashi ya hango 'yarsa tana dawowa ita kaɗai, fuska a murtuke. Ya dubi adireshin da ya kwafa a bayan ambulan. Ya ninke, ya sa a aljihun gaba.

"Bar shi, 'yata," ya ce wa injiniyar. "Ni da asuba nake tashi, kullum zan nuna masa."