Gwajin Auta a Gindin Dutse

Ni tun daga rigunan da aka raba mana raina ya fara ɓaci. An buga hoton Dogo a ƙirji, ɗan mitsitsi kamar na katin shaida, sunan kamfanin lemo kuwa ya cinye bayan kaf. Dogo ƙanena ne. Bara ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, bai tashi ba. Likita ya ce ciwon zuciya ne mai bin jini, a gwada sauran 'yan gida. Shi ya sa muka yarda da wannan hawan dutse na tunawa da shi, don ƙungiyar da ta shirya shi ta yi alkawarin gwada matasa kafin a hau. Mu ta Autarmu muke yi, wadda ko bene ta hau sai ta tsaya haki.

A gindin dutsen an kafa rumfa, ga gado, ga na'urar gwajin zuciya sabuwa dal. Shugaban ƙungiyar, tumbi gaba, takalmin gudu ko ƙura bai taɓa gani ba, ya tarbi mahaifiyarmu hannu bibbiyu.

"Mama, da Auta za mu fara. Ita za ta riƙe tuta a gaba."

Aka kwantar da ita, wata mai farar riga ta manna mata wayoyi. Mai hoto ya ce Mama ta matso ta dafa goshin yarinyar. Sai ya ce ta sake, wai hawayen bai fito sosai ba.

Na zagaya bayan gadon don in ba shi wuri. Nan na ga igiyar wutar na'urar a naɗe cikin ledarta, ko warware ta ba a yi ba.

"Baiwar Allah, wannan abin a kunne yake kuwa?"

Mai farar rigar ta yi ƙasa da murya. "Yaya, aro muka yi don hoto. Ni ma ba nas ba ce, a sashen talla nake."

Na tari shugaba. Ko gezau. "Haba, ai wayar da kai muka zo yi. Gwaji sai wani jiƙon."

Aka busa usur. Mama ta ɗaga hannu sama tana ta hamdala, a zatonta an duba 'yarta. Auta ta karɓi tuta, baki har kunne.

"Yaya, ba su ga komai ba ko? In hau?"

Na fizge tutar na yar, na riƙe wuyan hannunta gam. Jijiyarta na ta bugawa a ƙarƙashin yatsana, ni kuwa ban iya karanta ta ba.