Karen Malam Ismail

Shekara tara Duna yana gidan, Atika ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Karenka" take cewa, ta kuma tattare zani in ya gitta. Na mijinta ne, Malam Ismail mai walda a Kawo. Kullum da safe Malam ne ke fara fita, ya tsaya a ƙofar gida ya duba gabas da yamma, ya ce "taho," sannan Duna ya biyo shi.

Da Malam ya rasu ta shiga takaba, sai fita ta tsaya. Duna ya ɗauki tsaron ƙofa ya ɗora wa kansa. Mai ruwa ya zo, haushi. 'Yan gaisuwa, haushi. Mai gyaran takalmi da ke wucewa abinsa ma bai tsira ba. Rannan ya yaga wa Mustapha, ƙanin marigayin, ƙafar wando.

"Yaya, karen nan ya lalace," in ji Mustapha. "Ran Asabar zan kawo mai ɗauke shi."

Ta san inda ake kai irinsu: wurin masu cin naman kare. Kowa a Unguwar Dosa ya sani.

Da ta yi hamdala, ba mai ganin laifinta. Sai dai zaman takaba ya koya mata kallo. Ta lura in yana haushin nan, jelarsa a matse take tsakanin ƙafafu, jikinsa na ɓari, kuma ko yaushe sai ya waiwayo cikin gida, yana neman wanda zai ce masa ya isa. Ashe ba mugunta ba ce. Tsoro ne, irin wanda ita ma take ji in an buga ƙofa. An bar wa bawan Allah gida, shi kuwa tun da yake bai taɓa zama na gaba ba. Tausayinsa ya kama ta. Satin nan da kanta ta riƙa ajiye masa tuwo, tana yi tana mita.

Ran Juma'a ta fita takaba. Asabar da hantsi Mustapha ya buga ƙofa, tare da wani mai igiya a hannu. Duna ya zabura. Atika ta yafa mayafi ta sha gabansa, zaninta na gogar gashinsa.

"Koma baya, Duna."

Ya yi gurnani, ya kalle ta, ya ja da baya. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta duba gabas da yamma. Ta gaisa da su a tsanake, har da tambayar iyali. Sannan ta ce, "Taho."

Ya fito ya zauna gefen ƙafarta, ya sauke wani dogon numfashi.

"Yaya," in ji Mustapha, "ke da ko ganinsa ba kya so?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ban ce ina son sa ba. Ku koma da igiyarku. Ya gaji ne, yanzu kuwa na karɓe shi."