Hoton da Biri Ya Ɗauka

Yayana mai ɗaukar hoto ne, duk unguwa Kar-a-motsa ake ce masa. A shagonsa akwai doka: ba ya danna kyamara sai ka kalle ta ido cikin ido. In jariri ne ya ƙi kallo, sai ya ɗauko wata 'yar ƙararrawa mai jan ƙyalle ya kaɗa, yaro ya juyo, ƙyas!

To, waya ta zo ta kashe masa kasuwa. Labulen nan mai zanen teku ya koɗe, kujerar zaman hoto ta zama wurin barcin kyanwa. Matarsa kuwa, telar da keken ɗinkinta ya cinye rabin falo, ta daɗe tana auna shagon da ido.

"Maigida, ƙarshen wata zan shigo da keke," in ji ta. "Tagar nan ko akuya ba ta tsayawa kallo."

"Za su tsaya," ya ce. "Namun daji zan ɗauko daga sama."

Surukinsa ne ya ba shi aron ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa. Ni kuma na shiga uku, don ni ke da mota.

Da hantsi muka isa gandun namun daji. Mai gadin wurin ya raka mu bakin wani tafki, ya ce a bar jirgin can sama, kada ƙugin ya firgita dabbobi. Yaya ya amsa da to. Jirgi ya tashi, muka haɗa kai muna kallon waya. Ga barewa, ga ɓauna, amma duk gadon baya da ƙeya ake gani.

"Wannan ai ba hoto ba ne," Yaya ya ce. "Ko ɗaya bai kalle ni ba. Rashin tarbiyya!"

Mai gadi na zagayawa ya duba motarmu, sai Yaya ya sauko da jirgin, ya zaro ƙararrawar daga aljihu, ya ɗaure ta a ƙarƙashin jirgin.

"Yaya, waɗannan fa ba jarirai ba ne."

"Kai dai tuƙi ka iya. Yi mini shiru."

Gaskiya dabarar ta ci, har ta wuce gona da iri. Wani garken gwaggon biri da ke kan dutse duk suka ɗaga kai. Yaya ya ji daɗi, ya yi ta sauko da jirgin yana raɗa wa waya, "Yawwa, na tsakiya ɗan matso. Kar a motsa." Babban cikinsu bai san wannan doka ba. Ya yi tsalle ɗaya, ya cafke jan ƙyallen, ya rungumo jirgin gaba ɗaya.

Yaya ya jefa mini wayar, ya tattare riga, ya nufi dutsen yana ihu, "Na aro ne! Wallahi na aro ne!" Birin ya buɗe baki ya nuna masa haƙora. Ban taɓa sanin Yaya ya iya hawa bishiya ba sai ranar.

Sai da mai gadi ya dawo yana buga sanda birin ya yar da jirgin, fiffike ɗaya a karye. Ƙararrawar kam ya tafi da abarsa. Faɗan da muka sha ba ya faɗuwa.

A gida Yaya ya zauna ya yi tagumi, har ya ba ni tausayi. Ni da matarsa muka shiga duba abin da kyamarar ta naɗa: sama, ciyawa, hancin biri. Sai ga wani wuri da birin ya juya jirgin. Ga Yaya a kan reshe, takalmi ɗaya, hula a karkace, baki buɗe, idanunsa cikin kyamara sak.

Matar Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Can kuma sai ta shiga shafa fuskar wayar da yatsa.

"Ka san tun da ya auro ni ba ni da hotonsa ko ɗaya?" ta ce. "Kullum yana bayan kyamara."

"Goge shi," in ji Yaya.

"Ka wanko mini babba, ka liƙa a taga, in bar maka shagonka."

Ya yi gardama kwana da kwanaki, amma ƙarshen wata na matsowa ya wanke shi da hannunsa, har ya gyara hasken. Yanzu ba ka wucewa ta layin ba ka ga mutane cirko-cirko a tagar ba, wasu ma har su shiga a ɗauke su. Jiya na ji wata mata tana tambayarsa wane gwani ne ya ɗauki wannan.

Yaya ya ɗaga kai ya kalli hoton.

"Wani abokin sana'a ne," ya ce. "Bai ma ce mini kar in motsa ba."