Reshen da Na Ɗauko Velaphi da Shi

Ni aka tura Johanasbag in ɗauko Yaya Velaphi, wata uku bayan mun binne shi a garinmu Nongoma. Gawa ce kawai ta dawo, kurwarsa tana ɗakin hayan da ya mutu. Baffa ya yanko reshen magaryar kura ya miƙo mini, don da shi ake ɗauko kurwar mamaci, ya sake ja mini kunne: daga na ɗauko Yaya, ba ni ba magana da mai rai sai na shiga gida. In na kuskura, nan zai tsaya.

Shekara arba'in Yaya yana kaɗa jita a gidajen kiɗan jaz. Ya yi Landan, ya yi faifai biyu, amma wallahi ɗakin nan ko tabarmar kirki babu. Na duba bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, jitar ba ta nan. Na share ƙasa da reshen, na ce masa ni ce Thokozile autarsu, ya taso mu tafi.

Duk hanya ina faɗa masa inda muke: ga matakala, ga titi za mu tsallaka. A tasha na nuna wa direba reshen, ya gane, ya bar mana kujera biyu. Na zauna ina yi wa Yaya mita ƙasa-ƙasa, har da yadda Umma ta mutu tana tambayar ko ya ci abinci.

Motar na jiran cika sai ga wani ƙato da jita a kafaɗa, yana ta waya yana dariya. Na gane ta tun daga nesa. Akwai baƙin tabo a gindinta, na ranar da Baba ya jefa ta a murhu, Velaphi ya ciro ta da hannunsa ya bar gida.

Na miƙe. Bakina ya buɗe, matar da ke gefena ta dafe gwiwata tana girgiza kai. Mutumin ya tsaya dab da tagarmu yana sayen ayaba. Da na miƙa hannu da na taɓa igiyoyin. Ban taɓa jin na zama banza kamar ranar ba.

Na koma na zauna, na rufe reshen da mayafina.

"Yaya, kar ka duba waje. Sau ɗaya ka bi ta, ya isa. Don Allah zauna."

Motar ta tashi. Har Nongoma ina yi masa magana, ban san ko akwai wanda nake yi wa ba.