Matakin da Kamfani Bai Sa Ba

"Tsaya, Ashiru! Kar ka fesa mata shuɗin nan!"

Zuliha ce ta faɗo garejina tana haki, ɗiyar maƙwabcina Baba Nagoggo. Na ajiye bindigar fenti.

"Inna ta ce ba shuɗiya aka sayo ta ba. Wai kalar kindirmo ce."

"Kindirmo kuma? Mota ce ko ƙwaryar nono?"

"Kai dai duba mani, don Allah."

Motar Fijo 404 ce, akori-kura. Da ita Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwaso gero da wake daga Yashe da Dudunni zuwa kasuwar Kankia. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, mantuwa ta cinye kowa a kansa. Matarsa Inna Tani ma "baiwar Allah" yake ce mata. Likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Abu ɗaya kawai yake tambaya: "Ina motata?"

Shi ya sa Zuliha ta sa aka turo mani ita daga bayan gida, inda kaji suka mai da ita akurki. "Ka mai da ita yadda ta fito daga kamfani," ta ce. "In ya gan ta, ƙila hankalinshi ya dawo. So nake ya kira sunan Inna ko sau ɗaya kafin ya tafi."

Na ɗaga robar gilashin gaba, inda mai fenti ba ya kai hannu, na kankare da wuƙa. Shuɗi ya tashi, kore ya biyo shi, can ƙasa sai ga fari mai ɗan ja-ja.

"Kindirmo!" Zuliha ta tafa hannu.

Daga nan na shiga bin motar gaɓa-gaɓa. Waldar kamfani ba ta ɓuya: ɗigo-ɗigo ce, a jere, kamar ɗinkin keke. Ta bakin titi kuwa tudu-tudu take. Duk abin da na ga da irin wannan walda sai na cire. Fitilun wata motar da aka liƙa mata, na sauya da masu zagaye. Na mai da giya jikin sitiyari. Na samo zakin gaban bonet, tambarin Fijo, wajen wani tsohon bakanike a Kusada. A ƙarƙashin ƙofar fasinja na tarar da wani lanƙwasasshen rodi, mummuna, duk tsatsa. Na sa zarto na yanke shi, na jefa cikin tarin gwangwani.

Ranar da na kai ta, unguwa ta fito kallo. Aka tallabo Baba aka zaunar a kujera ƙofar gida. Na danna ham. Ya dube ta tun daga zaki har bodi, a hankali, sannan ya kau da kai.

"Wannan ba tawa ba ce. Ku mai wa mai ita."

Zuliha ta toshe baki da mayafi.

Inna Tani ta dogara sandarta ta matso. Tun tana yarinya shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu. Ta buɗe ƙofar fasinja, ta ɗaga ƙafar, sai ƙafar ta sauka a iska.

"Ashiru, ina ƙarfena?"

"Wane ƙarfe, Inna?"

"Wanda nike takawa. Satin da aka kawo ni gidan nan Malam ya sa aka yi mani shi, da ya ga ina shan wuya wajen shiga."

"Inna, ai ba na kamfani ba ne..."

"To kamfani ne ya aure ni?"

Ban tsaya jin dariyar mutane ba, na haye babur. A gareji tarin gwangwanin babu shi, ɗan gwangwan ya kwashe tun hantsi. Na bi titin Katsina ina tambaya, har na cim masa wajen tasha yana tura kura.

"Malam, sauke kayan nan!"

"Lafiya? Zinari ka jefar?"

"Ya fi zinari. Sauke!"

Muka zazzage kurar a bakin kwalta, direbobin bas suna mana ham. Can ƙarƙashin wata tsohuwar salansa na hango rodin. Tsakiyarsa ta sha taku har ta yi santsi, abin da ban lura da shi ba ranar da na yanke.

Na ɗauko injin walda zuwa ƙofar gidan, na liƙa shi inda yake. Ban goge tudun waldar ba, ban shafa masa fenti ba.

La'asar ta yi sanyi, Baba yana nan kan kujera yana gyangyaɗi. Inna ta kama ƙofa, ta ɗora ƙafa. Ƙarfen ya yi 'yar ƙara. Baba ya buɗe ido.

"Tani," ya ce, "taka a hankali mana. Kullum sai na faɗa maki."

Inna ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama. "Na ji, Malam."

"Kin ɗauko furar? Dudunni da nisa."

"Na ɗauko."

Muka sa shi gefenta, na ja su muka zaga unguwa, yana ta yi mani faɗa wai ina cin kulocinsa. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, hannunsa cikin nata.

Yanzu Zuliha ta ba wani direba motar, ta koma jigilar hatsi. Da yamma yana ajiye ta ƙofar gida. In na dawo daga gareji nakan tarar da Inna Tani zaune a kujerar fasinja, ƙofa a buɗe, tana ɓarar wake a faifai, ƙafarta ta hagu a kan ƙarfen.